LAFIYAR MATAFIYI: Injin numfashi da jakarsa a kan hanya

Ɗan kasuwan da zai bar Maraɗi zuwa Kano, ko ma'aikacin da aka tura tafiyar aiki daga Yamai zuwa Damagaram, ya san inda zai sa kuɗinsa da takardunsa, kuma ba ya yarda yaron mota ya jefa masa wayar salula cikin buhunan kaya. To amma akwai wasu matafiya da ke ɗauke da abin da ya fi waɗannan duka daraja, wato injin da ke taimaka musu numfashi cikin barci. Sau da yawa a kan naɗe shi a zane, a cusa shi cikin akwatin tufafi, a miƙa wa yaron mota ya ɗora sama. Wannan sakaci na iya jawo asarar ɗaruruwan dubban sefa, kuma asarar lafiyar da ke biyo baya ta fi ta kuɗin ciwo.

Ciwon da maganinsa

Ciwon da ake magana a kansa shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda likitoci ke kira apnée du sommeil da Faransanci. Idan mai shi ya yi barci, naman maƙogwaronsa ya kan saki har ya toshe hanyar iska, sai numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, kafin ya zabura da minshari mai ƙarfi ya ja iska. Wanda abin ya yi wa tsanani, ya kan faru gare shi fiye da sau 30 a cikin awa guda, alhali shi bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya tashi da ciwon kai da gajiya, yana gyangyaɗi a ofis ko a shago. Ciwon na da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane miliyon 936, masu shekaru 30 zuwa 69, na ɗauke da shi a duniya.

Maganin da aka fi dogara da shi wani ɗan inji ne da likita Colin Sullivan na birnin Sidni, a ƙasar Ostiraliya, ya bayyana wa duniya a 1981. Faransawa na kiransa PPC, masu Ingilishi kuma CPAP. Aikinsa shi ne tura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, da ƙarfin da likita ya ƙayyade, don maƙogwaro ya zauna a buɗe har gari ya waye. Abin lura a nan shi ne injin ba ya warkar da ciwon, riƙe shi kawai yake yi. Daren da aka kwana babu shi, ɗaukewar numfashi na iya dawowa a daren nan, gyangyaɗi kuma ya biyo baya. Bincike ya nuna cewa mai wannan ciwo da ba ya magani ya fi sauran direbobi yiwuwar yin haɗari har ninki biyu ko fiye. Saboda haka wanda ya bar injinsa a gida don gudun wahalar ɗauka, sannan ya kama tuƙi a hanyar Yamai zuwa Damagaram mai kusan kilomita 900, ya sa ransa da na waɗanda ya ɗauko cikin haɗari. Tilas ne injin ya yi tafiya tare da mai shi, kuma jakar da za ta kai shi lafiya wani sashe ce ta maganin.

Abokan gaba huɗu

Na farko shi ne ruwa, kuma yawanci daga cikin injin yake fitowa. Galibin injunan na da ɗan tanki da ke jiƙa iskar don kada hanci ya bushe. Manyan motocin safa na tashi ne tun kafin asuba, mutum na cikin gaggawa da magagin barci, sai ya tura injin cikin jaka da sauran ruwa a tanki. Da zarar jakar ta karkata, ruwan ya gangara cikin injin ya lalata shi. Ƙa'ida ta farko ke nan: a zubar da ruwan, a goge tankin, a girgiza tiyo ya tsane kafin a rufe jaka. Tiyon da aka rufe da danshi kwana biyu cikin zafi ya kan yi fumfuna, kuma ta cikinsa iska ke bi zuwa huhu.

Na biyu shi ne ƙura. Injin na zuƙar iskar ɗaki ta wata ƴar ƙofa mai matata, wato ɗan farin ƙyallen da ke tare datti. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma a hanyoyin burji, ƙura na shiga kowace kafa. Matatar da za ta yi wata guda a ƙasar Turai na iya yin ja cikin ƴan kwanaki a Tawa. Idan ta toshe, injin ya wahala ya yi zafi. Idan ta huje, ƙurar ta wuce hanci kai tsaye. Ya kamata a sa injin cikin leda mai tsabta kafin a sa shi jaka, a kuma riƙe matata biyu ko uku na canji, tun da ba abu ba ne da ake samu a kowane kantin magani.

Na uku shi ne zafi. Littafin da ke zuwa tare da injin na nuna iyakarsa. A wasu injunan da aka fi sani, ana aiki da su tsakanin digiri 5 da 35, ana ajiye su har zuwa digiri 60. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa na wuce digiri 40 a kudancin Nijar, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta na iya wuce 60. Ba a barin jakar a bayan mota a tafi cin abinci a Ƙonni ko Dogon Dutsi, kuma idan an sauka masauki injin na da zafi, a bar shi ya huce kafin a kunna. Cewa zafi na yi wa waɗannan injuna illa ba zato ba ne: a watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injunansa na numfashi, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na iya rududdugewa, kuma zafi da danshi na cikin abubuwan da ke hanzarta hakan.

Na huɗu shi ne bugu da danniya. Nauyin injin bai wuce kilo ɗaya da ƴan kai ba, jikinsa roba ne, cikinsa kuma akwai ƙaramar farfela mai juyawa da sauri. Ba zai jure buhun albasa a kansa ba, ko ramukan hanya idan yana ƙarƙashin mota. Wurinsa shi ne kan cinya ko tsakanin ƙafafun mai shi. A kan kabu-kabu kuwa, a rataya jakar a gaba, kada a ɗaure ta da roba a baya.

Wace jaka za a zaɓa?

Jakar yadi da ke zuwa tare da injin na da rabe-raben da aka yi daidai da kayan, kuma ta wadatar ga wanda ke tafiya a motarsa ko a jirgi, yana riƙe da ita a hannu. Sai dai zif ɗinta ba ya tare ƙura sosai, kuma ba ta hana danniya.

Ga mai yawan bin motocin haya da hanyoyin karkara, akwatin roba mai tauri ya fi, irin wanda masu ɗaukar hoto ke sa kayan aikinsu. Mai kyau na da zaren roba a bakin murfi da soso a ciki da ake yankewa daidai siffar kaya. Idan an ga alamar IP67 a jikinsa, ma'anarta ƙura ba ta shiga, kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Aibinsa nauyi da tsada, sannan kamar yadda yake hana ruwa shiga haka yake hana danshi fita, don haka ba a rufe komai a cikinsa sai ya bushe sarai.

Wanda bai sami ɗayan biyun ba, baduku ko telan da ya iya ɗinkin jaka zai iya biya masa bukata, in dai an kai masa injin ya auna. A nemi soso mai kaurin yatsa biyu ta kowane gefe, da ƙasa mai tauri, da ɗakuna dabam-dabam: na inji, na tanki, na wayar kuran, na takunkumi. Wayar kuran na da wani akwati mai nauyi a jikinta, wanda idan aka bar shi yana yawo zai iya fasa tanki ko fuskar injin. Tiyo, mai tsawon kusan mita 2, naɗe shi ake yi da faɗi, ba a karya shi. Takunkumi kuma a sa shi cikin ƙyalle mai tsabta inda ba abin da zai danne shi, domin idan lallausar robar bakinsa ta lanƙwashe iska za ta riƙa zurarewa. A bar sabuwar jaka ta sha iska har warin fata da na gam ya fita.

Kowace iri aka zaɓa, jakar ta injin ce shi kaɗai. Turare, yaji, taba, maganin sauro da duk abin da ya taɓa fetur ba su da wuri a ciki, saboda roba na riƙe wari, kuma mai shi zai kwana yana shaƙarsa.

Abin da ke tafiya tare da injin

Injin da ya isa lafiya amma babu kuran, da shi da babu duk ɗaya. Yawancinsu na karɓar kuran daga volt 100 zuwa 240, saboda haka ƙarfin wutar wata ƙasa ba matsala ba ne. A dai duba rubutun da ke jikin akwatin wayar. Matsalar ita ce bakin jonawa. Nijar na amfani da mai ƙafafu zagayayyu irin na Faransa, alhali a Najeriya da Saudiyya da Dubai an fi samun mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila. A riƙe abin haɗawa, wanda masu sayar da kayan kuran ke kira adaptateur, tare da doguwar waya, don a masauki da yawa wurin jonawa na nesa da gado. Inda ake aiki da janareto, ko inda wuta ke yawan ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, abin kare inji daga hawan wuta ya fi sabon inji araha.

Mai kwana inda babu wuta na bukatar batir da aka yi domin irin injinsa. A gwada shi a gida dare guda kafin tafiya, a kuma kashe sashen ɗumama ruwa, domin shi ne ya fi shan wuta. Ruwan tanki kuwa, wanda ya fi dacewa shi ne tataccen ruwan da ake kira eau distillée, daga kantin magani. Idan babu, ruwan sha na gora zai yi na ƴan kwanaki, a wanke tankin kullum. Kada a kuskura a sayi ruwan batir a garejin mota a zuba, domin ana iya rikita shi da mai asid.

A aljihun jakar a ajiye takardar likita mai nuna sunan ciwon da ƙarfin iskar da aka ƙayyade, da Faransanci da Ingilishi, tare da rasit ɗin sayen injin. Su ne ke gajarta magana a gaban duwan da jandarma, kuma idan injin ya lalace a wata ƙasa, da takardar ce za a saita wani. A rubuta suna da lambar waya a jikin jakar.

Jirgin sama da aikin hajji

A filin jirgi, na Diori Hamani ne ko wani, ba a sa injin cikin kayan awo, domin akwati na iya ɓata ko ya makara kwanaki. Kamfanonin jirage da yawa ba sa lissafa jakar kayan jinya cikin kayan hannu, muddin ba a cusa wasu abubuwa a ciki ba; a tambaya tun lokacin sayen tikiti, musamman in ana son kunna shi cikin jirgi. Wajen bincike a kan ce a fitar da injin, a nan ma ledar nan za ta kare shi daga dattin faranti. Ƙa'idar batirin lithium kuwa ita ce: na ajiya a hannu ake riƙe shi, ba ya shiga kayan awo, wanda bai wuce 100 Wh ba ya kan wuce babu neman izini, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi.

Maniyyaci ya tuna cewa a tantunan Mina mutane da yawa ke raba wuraren jonawa kaɗan, a Muzdalifa kuma a fili ake kwana. Ya dace ya sanar da jagoran tawagarsa da likitocinta tun a gida, ya tanadi batir, ya kuma zaɓi jakar goyo da zai iya tafiyar ƙasa da ita cikin cunkoso. Idan ya zama dole a kwana babu inji, kwanciya a gefe ta fi rigingine, kuma a guji ƙwayar sa barci.

Saura magana guda, ita ce kunya. Wasu na ɓoye injin a ƙasan akwati, ko su bar shi a gida, don kada abokan tafiya su gan su da tiyo a hanci. Babu abin kunya a ciki fiye da na mai sa tabarau, kuma abokan ɗakin da suka huta da minshari su ne za su fara godiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi jakar, a gwada batirin, a karɓi takardar likita tun da sauran kwanaki. Wanda kuma iyalinsa suka shaida cewa numfashinsa na tsayawa cikin barci, ya ga likita kafin ya sake kama doguwar hanya. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi gida lafiya.