An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jarrabawar Shiga Jami'a da Matsalar Karatu

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar: wace jarrabawa ce ta fi yi wa 'ya'yanmu adalci? Wasu na cewa WAEC da NECO sun wadatar, wasu kuwa na ganin tantancewar da jami'o'i ke yi bayan JAMB, wadda aka soma a 2005, ita ce zakaran gwajin dafi. Muhawarar ta ƙara zafi a 2025, lokacin da fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 suka kasa kai wa maki 200 cikin 400.

Ko shakka babu akwai bambanci tsakanin jarrabawoyin. WAEC da NECO na ɗaukar makonni, ɗalibi yana rubuta amsa da hannunsa, yana da sararin tunani. Ita kuwa JAMB, wadda aka kafa a 1978 ta kuma koma kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, tambayoyi 180 take bayarwa cikin awa 2, 60 daga ciki na Ingilishi. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi yana bin layi da yatsa, ko da ya haddace darussansa, lokaci zai ƙare masa tun bai gane abin da ake tambayarsa ba. Saboda haka duk wadda aka zaɓa a cikinsu, kafin ta auna ilmin lissafi ko na tarihi, iya karatu da fahimta take fara aunawa.

Shi kuwa iya karatu ba a ajin ƙarshe na sakandare ake samunsa ba, balle a darasin share fage na wata 3. A ajin farko zuwa na uku na firamare ake kafa shi, kuma da harshen da yaro ke ji. Wannan ne ya sa muke ganin kuskure a matakin da Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya sanar a Nuwamban 2025, na soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ba zai zauna JAMB ba sai wajen 2034. Ta yaya za a ɗora wa manufar alhakin jarrabawar da yaranta ba su zauna ba? Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara 6 ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. Wanda ya iya karanta Hausa ya riga ya gane yadda baƙi ke ɗaukar sauti, saura masa koyon kalmomin sabon harshe.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da ta sa a riƙa auna karatun kowane yaro a ƙarshen aji uku: kalma nawa yake karantawa a minti ɗaya, da Hausa da kuma Ingilishi, sannan me ya fahimta. A bayyana sakamakon kowace ƙaramar hukuma kowa ya gani. Kwalejin Ilmi ta Gumel kuma ta mayar da dabarun koyar da karatu darasi na tilas ga duk mai neman shaidar malanta. Iyaye masu hali, waɗanda ba sa jin nauyin kuɗin fom da na darasin JAMB, su tuna da littafin labari ga ɗan shekara 7.

Kujerun Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na Jami'ar Tarayya ta Dutse ba za su jira kowa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.