Karatu A Gida, Jarrabawa Da Dala

Tun shekarar 1993 ƙungiyar CompTIA ta Amurka take ba da takardar shaidar A+, wadda ita ce matakin farko ga mai son sana'ar gyaran kwamfuta da kula da ita. Jarrabawa biyu ce, kowace ta minti 90, kuma ba a tambayar mutum makarantar da ya yi. Ashe ke nan yaron da ke Agege ko Sabo ta Ibadan yana iya shirinta a ɗakinsa.

Karatun ba shi da tsada. Ƙungiyar tana ba da jerin abubuwan da za a tambaya kyauta, ga kuma darussan Professor Messer a YouTube, su ma kyauta. Amma kallo kaɗai ba ya koya wa hannu aiki. Lalle ne ɗalibi ya nemi tsohuwar kwamfuta a kasuwar Ikeja, ya kwance ta, ya mayar, har ya riƙa gane ciwonta.

To, inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin jarrabawa. Da dala ake yanka shi, ga shi darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga watan Yuni na 2023. Wanda ya faɗi kuwa, galibi sai ya sake biya.

Saboda haka muna kira ga attajiranmu da sarakunan Hausawa na Kudu da su kafa asusu, su biya wa duk yaron da aka gwada aka ga ya ƙware. Su kuma samari kada su yi gaggawar zama kafin su shirya. Allah ya ba da sa'a, amin.