A Ceci Kajinmu Na Gida Kafin A Rabo Na Waje

Duk wanda ya shiga kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale zai ga mutanen Kumbungu, Tolon da Savelugu tsugune da kajin gida cikin kwanduna, can gefe kuma ga shagunan sanyi maƙare da kwalayen cinyoyi da fukafukan kaji daga Turai, Amurka da Barazil. Naman kwali ya fi araha, shi ya sa ya mamaye tukwanen birni. Idan ba a manta ba, a shekarar 2003 majalisar dokoki ta amince a ƙara harajin wannan nama daga kashi 20 zuwa kashi 40 cikin ɗari, amma aka janye ƙarin bayan matsin lambar Asusun Lamuni na Duniya.

Tun daga lokacin gwamnatoci ke ta fito da shirye-shirye. Shirin kiwon zabi na hukumar SADA ya ƙare cikin cece-kuce a 2013. A 2019 aka ƙaddamar da shirin kiwo don abinci da ayyukan yi a garin Wa, inda rabon zakarun da aka inganta ya kasance cikin manyan ayyukansa. A 2025 kuma aka zo da Nkoko Nkitinkiti. Ba mu ƙi a tallafa wa talaka ba, amma a ganinmu hankalin hukuma ya fi karkata ga kawo sababbin tsuntsaye, alhali kazar da ke yawo a tsakar gidajenmu ita ce jarin da ya fi cancantar kulawa.

Gaskiya ne kazar gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, yayin da kazar gona mai ƙwai kan kusanci 300. Sai dai kazar gona ba ta kwanci, kuma idan babu abincin buhu da magani ba ta kai labari. Tamu kuwa tana tonon abincinta, tana jure zafin watan Maris da Afrilu, tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta kuma raini 'ya'yanta. Masu binciken jami'o'in ƙasar nan sun nuna cewa irin nan mai wuya babu gashi da mai murɗaɗɗen gashi sun fi sauran jure zafi.

Akwai kuma batun zabi, waɗanda Arewacin Gana ke alfahari da su. Manomanmu sun daɗe suna zuba wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai har kusan mako huɗu, ta kuma ja 'yan zabin kiwo. Idan aka ci gaba da sakin zakarun waje cikin ƙauyuka ba tare da tsari ba, sannu a hankali za a samu kaji masu jiki waɗanda ba sa kwanci. Ranar da hakan ta faru, mai zabi a ƙauyen da babu lantarki, wa zai ƙyanƙyashe masa?

Babban abin da ke karya kiwon gida shi ne mutuwa. Annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasul kan share akurki guda cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, sannan shaho da ruwan sama su kwashe 'yan tsakin da suka rage. Abin takaicin shi ne rigakafin yana nan. Maganin I-2, wanda aka samo asalinsa daga Ostareliya, ya fi sauran jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Mace a ƙauye za ta iya koyon wannan aiki cikin yini ɗaya.

Don haka muna kira ga ma'aikatar aikin gona da majalisun gundumomi da su sa rigakafin kaji cikin kasafinsu, a horar da mata da matasa a kowace unguwa, a kuma gama zagaye kafin iskar hunturu ta kaɗa. Haka nan tashar kiwo ta Pong-Tamale da sashen aikin gona na Jami'ar UDS da ke Nyankpala su ware garken kajin gida tsantsa, su riƙa zaɓen waɗanda suka fi girma da ƙwai, su sayar wa manoma.

Su ma masu kiwo akwai nasu. Al'adar sayar da babban zakara idan Sallah ko Damba ta zo, a bar ƙaramin ya zama uban garke, ita ke ƙanƙantar da iri. A riƙe mafi kyau, a riƙa musayar zakara da wani ƙauye don kauce wa barbarar dangi, a killace 'yan tsaki a makonninsu na farko ana ba su tsaki da gara, kada kuma a haɗa kazar da aka sayo daga kasuwa da na gida sai ta yi mako biyu a ware.

Kaza ita ce asusun matan karkara, da ita ake sayen littafin makaranta, a biya kuɗin magani, a karrama baƙo. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a sake ɗora wani sabon iri a mota, a fara tabbatar da cewa wanda muka gada ya tsallake hunturun bana.