Ɗakin karatu na zamani a tsohon gari: Darasin Timbuktu da Dandaji

A watan Janairun 2009 ne aka buɗe sabon ginin Cibiyar Ahmed Baba a birnin Timbuktu na ƙasar Mali, domin adana dubban rubuce-rubucen hannu na malaman da suka gabata.

Ƙasar Afirka ta Kudu ce ta ɗauki nauyin aikin, bayan ziyarar da shugabanta na wancan lokaci, Thabo Mbeki, ya kai birnin a shekarar 2001.

To sai dai tun kafin a kammala ginin ya janyo ka-ce-na-ce, saboda an dasa shi ne daura da masallacin Sankore, ɗaya daga cikin masallatan ƙasa uku da suka sa hukumar UNESCO ta sanya Timbuktu cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

A bisa ƙa'idar hukumar, wajibi ne ƙasa ta sanar da ita duk wani babban gini da za a yi a irin waɗannan wurare tun yana kan takarda, domin ƙwararru su duba tsayinsa, da fasalinsa, da kayan da za a yi shi da su.

A Timbuktu kuwa aikin ya riga ya yi nisa, lamarin da ya sa a 2008 kwamitin hukumar ya sanya birnin cikin wuraren da za a tsananta sa wa ido.

Masu goyon bayan ginin na da tasu hujjar: tsohuwar takarda na buƙatar kariya daga zafi da ƙura da gara. Kuma a lokacin da 'yan bindiga suka ƙona rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar a 2013, waɗanda aka ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa sun tsira.

A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wata hanyar aka bi. Da jama'a suka buƙaci sabon masallaci, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun ba da shawarar a mayar da tsohon ɗakin karatu maimakon a rushe shi. An gayyato maginan gargajiya cikin aikin, aka gina sabon masallacin da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018.

Bambancin wuraren biyu shi ne lokacin da aka duba zanen, da kuma waɗanda aka saurara. Gyara a kan takarda ba ya cin kuɗi mai yawa, amma da zarar an zuba kankare, sai dai kwaskwarima.

Wannan tambaya ce ke gaban hukumomin birane irin su Agadas, wanda ya shiga jerin UNESCO a 2013, a duk lokacin da za a aza sabon harsashi a tsohon gari.