Kada Mu Ɗora Garmaho A Sikelin 'Yan Gwangwan

A wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma maganata a kan wani akwati ce da yawancinmu ba mu taɓa jin kukansa ba, wato garmaho. Har yanzu akan same shi jefi-jefi a garuruwanmu na Makoɗa, a gidan tsohon attajiri ko tsohon malamin makaranta ko wanda ya yi soja, yana ƙarƙashin gado ko a saman rumbu, ƙura ta rufe shi. Ranar da mai shi ya kwanta dama aka zo rabon gado, sai a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Faya-fayen kuwa, tunda ba ƙarfe ba ne, yara ake bar wa su yi gare da su.

A ganina nan ne muke tafka asara, domin abin da muke zubarwa ya fi abin da muke sayarwa daraja. Su kansu Turawan da suka ƙera shi haka suka ɗauke shi tun farko, kuma tsarin farashinsu ya nuna hakan.

Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, amma tasa da wani ɗan gwangwani mai kama da bututu take aiki. Mai faifai irin wanda kakanninmu suka sani Emile Berliner ne ya fito da shi a 1887. Da kasuwa ta buɗe, sai kamfanoni suka kasa kayan hawa-hawa. A 1899 Edison ya fito da wani ƙarami mai suna Gem a kan dala 7 da rabi. A 1906 kamfanin Victor ya fito da Victrola a kan dala 200. Abin da ya sa ta yi wannan tsada shi ne an ɓoye ƙahon nan mai fitar da sauti a cikin kabad na katako mai sheƙi, aka tallata ta a matsayin kayan adon falo, irin wanda baƙo zai gani ya san gidan da ya shigo. Shekara 5 bayan haka kamfanin dai ya fito da ƙaramar Victrola ta dala 15. Ba tausayin talaka ne ya kama su ba. Sun gane cewa duk gidan da akwatin ya shiga, sun yi abokin ciniki na har abada.

Ku duba lissafin. Faifai mai inci 10 yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowace fuska ba ta wuce minti 3 da 'yan kai. Kafin mako ya zagayo an haddace shi, sai an nemo sabo. Allurar ƙarfe ce, ƙa'idarta a canja ta bayan kowace fuska, shi ya sa ake sayar da ita a 'yan gwangwanaye guda 100 ko 200. Faifan kansa da wani irin ƙaro ake yin sa, yana faɗuwa ya tarwatse kamar tangaran. Sannan muryoyi ma farashinsu ba ɗaya ba ne. A 1902 aka biya mawaƙin Italiya Enrico Caruso fam 100 ya rera waƙa 10 a birnin Milan, kuma daga baya faya-fayen manyan mawaƙa irinsa, masu jan tambari, suka fi saura tsada. Akwai wanda Victor ya sayar dala 7, kusan rabin kuɗin ƙaramin garmahon ke nan a kan faifai guda. Duk mai riƙe da waya a cikinmu ya san wannan wasan: wayar sau ɗaya ka saya, amma data kullum ce.

Ko karen nan da ke leƙa bakin ƙaho a jikin tambarin His Master's Voice ciniki ne. Wani mai zane, Francis Barraud, ya fara zana shi yana sauraron na'ura irin ta Edison. Kamfanin garmaho na Landan ya ce zai saya idan ya goge waccan ya zana tasu. Ya goge, suka biya shi fam 100 a 1899.

To yaya abin ya iso mana? Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya. Kamfanoni irin su John Holt, da UAC wanda aka kafa a 1929, su ne masu sayen gyaɗa, kuma su ne masu kantunan kayan Turawa. Hannun da ya biya manomi da kaka, shi ne yake jiransa a kanti da atamfa da keke da fitila, garmaho yana daga can sama a jerin. Amma Bahaushe ba zai zuba fam da sulallansa a akwatin da Turanci kaɗai yake ji ba. Kamfanonin sun san da haka. Tun daga 1927 kamfanin Zonophone ya riƙa ɗaukar muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsunansu, har da Hausa, ana buga faya-fayen a can a yo jigilarsu nan a sayar. Muryarmu aka naɗa aka sayar mana, domin akwatinsu ya samu shiga.

Wani zai ce cuta ce. Ni ban musa ba, riba suka zo nema. Sai dai neman ribar nan ya bar mana abin da ba mu da shi a ko'ina. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a ƙofar fada ko a dandali, an tilasta masa ya dunƙule ta a minti 3, kuma wannan minti 3 ɗin ne kaɗai abin da ya rage na wasunsu. Irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun yi sa'a, sun kai zamanin rediyo da kaset da talabijin, muryarsu ta wadata. Wanda ya yi faifai ɗaya ko biyu ya rasu kafin kaset ya yaɗu a shekarun 1970 fa? Idan kwafin da ke ƙarƙashin gadon kakanka ya fashe, mai yiwuwa sai a ɗakunan ajiya na Ingila jikokinka za su je neman izinin saurarensa.

Na san masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, da masu cewa kayan kiɗa ne, me za a yi da ajiyarsu. Na kuma san gado haƙƙin magada ne, ba wanda zai hana maraya sayar da rabonsa don wani marubuci yana son tarihi. Ban ce kada a sayar ba. Cewa na yi kada jahilcin farashi ya sa a yi kwanan kaza a kan dami. Haka kuma kada a ruɗe ku ta ɗaya ɓangaren. Garmaho na hannu, mai kama da akwatin tafiya, an ƙera shi da yawan gaske, ba miliyoyi ne kwance a ciki ba, kuma babu wani sinadarin sirri a cikinsa irin wanda ake ta jita-jitar yana cikin tsohon keken ɗinki. Yawancin masu ƙaton ƙahon tagulla mai ƙyalli da ake tallatawa a intanet ma sababbin haɗi ne daga Indiya, an manna musu tambarin karen.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Idan an samu faya-fayai a gidanku, a ɗauki hoton tambarin tsakiya da waya, domin a nan sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan suke. A jera su a tsaye, a inuwa, kada a ɗora musu kaya. Kada a goge su da sifirit ko turare, yana narkar da ƙaron. Kada kuma a ɗora faifan roba na baya-bayan nan, mai juyi 33 ko 45, a ƙarƙashin allurar ƙarfe, zagaye ɗaya ya isa ta kashe shi.

Mu kuma 'yan ƙungiyoyin marubuta, da muke iya haɗa kuɗin taro da na bugun kalanda, ba za mu kasa ware wani abu mu riga ɗan gwangwan zuwa ƙofar gida ba. Mu biya magada farashin da ya fi na sikeli, mu naɗi sautin, mu rubuta baitocin, sannan mu nemi Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna mu ji ko za su karɓi ajiya. Wanda ya san gidan da ake da su a Koguna ko Maitsidau ko Satame, ko can wajen Dambatta, ya fara neman izinin masu gidan, sannan ya ajiye mana hoton tambarin a ƙarƙashin wannan rubutu.