Daga Kasuwar Gadarif: Bikin da Sai an Ƙetare Teku

Wani sabon yayi ya shigo mana. Katin biki zai iso ta WhatsApp, ka duba wurin walima, sai ka ga ba Kano ba ne, ba Mai Wurno ba, ba ma Jidda ba, wai wani tsibiri ne a tsakiyar Bahar Rum. A da biki ke zuwa ya iske dangi a gida, yanzu dangi ake cewa su tashi su iske biki. Da yake na amsa irin wannan gayyata, bari in kwance muku kayan da ke cikinta.

Ɗan ƙanena ne ya yi aure a Ƙubrus, wato Saifurus, inda matasan Kano da Katsina da yawa ke zuwa jami'a. Can ya haɗu da yarinyar. Iyayensa na Kano, nata na Jidda, sai suka ce a haɗu a tsakiya. Hujjarsu ba ta banza ba ce, amma tsakiyar tasu ta yi mana nisa. A lokacin, saboda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mai fita waje daga nan sai ya bi mota ta Kassala har Bur Sudan kafin ya ga jirgi. Kuma aka sa ranar a Nuwamba, daidai lokacin da riɗi ke kwararowa kasuwa. Kwana 11 na bar wa yarona rumfa.

Abu na farko da baƙo zai sani: tsibirin ɗaya ne, amma gwamnati biyu. Tun 1974 aka raba shi. Kudu na Girkawa ne, suna cikin Tarayyar Turai, kuɗinsu yuro. Arewa ta Turkawa ce, kuɗinsu lira, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da su a matsayin ƙasa. Shi ya sa duk jirgin da zai sauka a filin Ercan sai ya taso daga Turkiyya. To kafin ka sayi tikiti, tambayi mai biki: wane ɓangare? Takardar shiga arewa ba ta buɗe maka ƙofar kudu.

Wannan ya taɓa ni, domin a kudu, kusa da tafkin gishiri na Larnaka, kabarin Ummu Haram bint Milhan yake, matar Ubada bin Samit, Allah Ya ƙara musu yarda, wadda ta rasu a tsibirin zamanin halifancin Sayyidina Usman. Ina kusa, amma ba hanya. A Larnakan nan ne kuma jiragen Ingila suka riƙa sauke mutanen da suka kwaso daga Sudan a farkon yaƙi.

An yi walima a Girne, gari a bakin teku, dutse a bayansa. Gaskiya an karrama mu. Mun ci wani cuku da suke gasawa, hellim, mun yi Juma'a a Famagusta, a masallacin Lala Mustafa Pasha, wanda coci ne kafin 1571. Sai dai a kula: manyan otal-otal ɗin arewa da yawa akwai gidan caca a cikinsu, giya kuma a fili take. Mai zuwa da iyali ya tambayi masauki tun daga gida. Motoci ma ta hagu suke bi, gadon mulkin Ingila da ya ƙare a 1960, sai tsoho ya yi hattara wajen tsallaka titi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda babu. Ba mu kai 40 ba, rabi abokan karatu. Kakar ango, tsohuwarmu, a waya ta ga jikanta, hoton na yankewa. Babu gwaggon da ta yi wa amarya faɗa, babu maƙwabci, babu almajirin da ya samu ɗan tuwo. Biki fa ba na ango da amarya kaɗai ba ne. Rana ce da ake biyan bashin zumunci.

Don haka ga shawarata ga masu gayya. In dole sai a can, ku ɗauki nauyin tikitin dattawa biyu ko uku, ku kuma yanka rago a gida a yi walima ta biyu. Ku dubi kakar kasuwar waɗanda kuke kira. Wanda bai zo ba, kada a ƙullace shi.

Ga wanda aka gayyata kuwa: lissafa biza, jirgi, masauki da ribar kwanakin da za ka rufe rumfa. In daga riba kuɗin zai fita, bismillah, tafiya mabuɗin ilimi. In sai ka taɓa jari ko ka ci bashi, zauna, ka aika gudummawa da addu'a. Zumunci a ƙafa yake, haka ne, amma iya ruwa fidda kai.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.