Bayan An Yanke Maƙoƙo

Akwai wani aiki a asibiti wanda jama'a ba su cika kula da shi ba, watau aikin akawun da ke rubuta lambar cuta a katin majinyaci. Mu kuwa a ganinmu aiki ne wanda rai ya rataya a kansa.

Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ke riƙe da wani babban littafi da aka jera cututtuka a ciki, kowace da lambarta, don likitan Kano da na Ingila su fahimci juna ko da harshe bai zo ɗaya ba. A bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, lamba E89 ita ce ta larurorin da kan auku bayan aikin likita ya taɓa sassan jiki masu fitar da sinadaran daidaita lafiya. Bugu na sha ɗaya ya fara aiki a 2022 da sababbin lambobi, amma manufar ba ta sake ba.

Mu ɗauka wata mata ce daga Mainika ke da maƙoƙo, aka kai ta Gwarzo, daga can aka tura ta Kano aka yi mata aiki. In an cire dukan naman gaban wuyan nan da likitoci ke kira tayirod, lalle ne ta sha ƙwayar tayiroksin kullum muddin ranta. In ta bari, sai kasala da jin sanyi da kumburin fuska su biyo baya. Wannan ita ce E89.0. Bayan naman kuwa akwai wasu 'yan ƙullutai huɗu masu kula da sinadarin kalsiyam na jini. In aiki ya taɓa su, sai yatsu su riƙa ɗaurewa. Wannan ita ce E89.2.

To, in aka rubuta "maƙoƙo" kurum a katinta, me zai faru bayan wata shida? Malamin ɗakin shan magani na ƙauye ya ba ta maganin ƙarin jini, dangi su ce sammu ne, alhali kuwa maganinta 'yar ƙwaya ce mai araha. Haka kuma Gwamnati ba za ta san yawan masu bukatarsa ba, balle ta tanada, gama daga waɗannan lambobi ake yin ƙididdiga.

A zamanin En'e, akawun haraji da na jangali sun san kuskuren lamba guda na iya jawo musu tuhuma. Ashe lafiyar mutum ba ta fi kuɗin shanu ba? Saboda haka muna roƙon likitoci su riƙa bayyana larurar sosai, akawuna kuma su rubuta lambarta daidai, a ba majinyaci takardarsa ya tafi da ita gida. Ku kuwa malaman makaranta, ku ake kawo wa takardu a ƙauye. In an kawo muku irin wannan, ku karanta, ku gargaɗi mai ita kada ta bar magani don ta ji sauƙi. Allah ya ba mu lafiya, amin.